Allurar Rage Ƙiba Da Hannun Likita

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a babban taron shekara na ƙungiya



Lokacin da aka nemi kwamitin lafiya ya zaɓi abin da zai yi magana a kansa bana, sai da muka yi gardama a tsakaninmu. Wasu daga cikinmu suka ce ina mu ina zancen ƙiba, alhali kuwa har gobe ana kawo yaran da tamowa ta kama a asibitin garin nan, ga zazzaɓin cizon sauro bai bar mu ba. Maganarsu tana kan hanya. Abin da ya rinjaye mu shi ne yawan tambayar da ake yi mana, ta waya da wajen biki da wajen suna, har ma a zauren ta'aziyya, game da wata allura da ake yi sau ɗaya a mako, wai mutum ya zube ba tare da wahala ba. Wasu sun ji labarinta a rediyo, wasu sun gani a Facebook, wasu kuma 'ya'yansu da ke ƙasashen waje sun riga sun aiko musu da ita. Abin da ya riga ya shigo gida kuwa, gara a zauna a yi maganarsa a fili.

Kafin mu shiga batun allurar, akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi a harshenmu. Idan mutum ya shiga kemis ya ce a ba shi maganin ƙiba, sai mai kemis ya tambaye shi wanne yake nufi, na ƙarawa ko na ragewa. Dalili kuwa shi ne mun daɗe muna ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Magidanci ya ajiye tumbi, sai a ce ya samu duniya. Amarya ta yi wata shida ba ta ciko ba, sai dangi su fara tambayar ko mijin ba ya cika mata tukunya. Wanda ya rame kuwa, ko da gangan ya yi, sai an bi shi da kallo ana raɗe-raɗin ciwo. Wannan ne ya sa 'yan mata da yawa ke shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi ake samun deksametazon a cikinsu, maganin da ke kumbura fuska da ciki, ya tayar da hawan jini da ciwon suga, ya kuma raunana ƙashi. Wato dai mun saba shan magani domin mu sauya surar jikinmu ba tare da likita ya sani ba, kuma tsoronmu shi ne kada wannan ɗabi'a ta koma kan sabuwar allurar, a sake faɗa wa rami ɗaya ta wata ƙofa.

A wajen likitoci, ƙibar da ta wuce kima ciwo ce mai daɗewa, kamar hawan jini. Ita ke share wa ciwon suga hanya, ta nauyaya wa zuciya, ta cinye gwiwa, ta tara kitse a hanta, ta kawo minsharin da numfashi ke yankewa cikin barci, ga kuma wahalar samun ciki ga wasu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ita, wato fiye da mutum biliyan 1. Ba da ido ake auna ta ba. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsayinsa a mita sau biyu. Alal misali, mace mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 95, lissafinta zai kama kusan 35. Daga 30 zuwa sama ne ake cewa ƙiba ta zama ciwo. Ƙa'idar da aka sa wa waɗannan magunguna ita ce a bai wa wanda ya kai 30, ko wanda ya kai 27 idan har yana da wata lalura da ƙibar ta haddasa, kamar suga ko hawan jini. Haka nan akan ɗauko awon tela a zagaya ƙugu: namijin da ya wuce santimita 102, da macen da ta wuce 88, suna cikin haɗari ko da sauran jikinsu bai nuna ba. Yarinyar da ke son ta zubar da kilo 4 domin ɗinkin biki ya zauna mata ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan.

To, mece ce allurar, kuma yaya take aiki? Duk lokacin da muka ci abinci, hanjinmu yana sakin wani sinadari da masana ke kira GLP-1. Aikinsa shi ne ya sa jiki ya fitar da insulin daidai da buƙata, ya rage saurin fitar abinci daga tumbi, ya kuma kai wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa an ƙoshi. Sai dai a cikin 'yan mintoci jiki ke rusa shi, don haka ba a iya yin magani da shi yadda yake ba. Mafitar ta fito daga inda ba a zata ba. A 1992 wani likita a birnin New York mai suna John Eng ya bayyana cewa ya gano wani sinadari mai kama da shi a cikin dafin wani ƙadangare da ake kira Gila, wanda ke zaune a hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, kuma shi na ƙadangaren yana daɗewa a jiki. Daga nan aka samo allurar Byetta, wadda aka amince da ita a Amurka a 2005 domin masu ciwon suga, ana yin ta sau biyu a rana. Likitoci suka lura cewa masu amfani da irin waɗannan allurai suna raguwar nauyi. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya fito da Saxenda a 2014, allurar kullum domin rage ƙiba, sannan Ozempic a 2017 domin ciwon suga, sau ɗaya a mako. A 2021 aka amince da Wegovy, wadda sinadarinta ɗaya ne da na Ozempic, wato semagulutayid, illa dai an ƙara yawansa an kuma keɓe ta ga ƙiba. Kamfanin Eli Lilly na Amurka kuma ya kawo Mounjaro a 2022 da Zepbound a 2023, su kuma sinadarai biyu na hanji suke kwaikwayo a lokaci guda.

Abin lura a nan shi ne, allurar ba ta narkar da kitse kamar yadda masu talla ke faɗa. Yunwa da kwaɗayi take ragewa. Mutumin da ya saba cinye malmala uku sai ya ji ɗaya da rabi ta ishe shi, kuma tunanin abin da zai ci an jima ya daina damunsa. Waɗanda suka daɗe suna fama sukan ce wannan shirun da cikinsu ya yi ya fi ba su mamaki fiye da abin da sikeli ya nuna. Wannan ma ya isa ya sa mu sassauta wa masu ƙiba, domin ya nuna cewa ba kullum ba ne haɗama ko lalaci. Akwai ma'aunin yunwa a jikin ɗan Adam, kuma ba daidai aka saita wa kowa ba.

Ba za mu ɓoye muku ba, maganin yana aiki. A wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2021, an bi mutum 1,961 har mako 68. Waɗanda aka yi wa semagulutayid sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta kuwa ba su kai kashi 3 ba. Mai kilo 100 ya koma wajen 85 ke nan. Gwajin da aka yi wa sinadarin Mounjaro, wanda ya fito a 2022, ya nuna ragin kusan kashi 21 ga waɗanda suka sami mafi yawan awo. A 2023 kuma wani gwaji na mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya ya nuna cewa semagulutayid ya rage aukuwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100. A tarihin magungunan ƙiba ba a taɓa ganin irin wannan ba.

Sai dai akwai abubuwa a cikin waɗannan gwaje-gwaje da masu talla ba sa karanta wa mutane. A gwaje-gwaje biyu na farko, duk waɗanda aka gwada, an haɗa musu da mai ba da shawara kan abinci, an kuma umarce su da motsa jiki na minti 150 a mako. Kimanin mutum 1 cikin 7 bai rage ko kashi 5 ba duk da allurar. Abin da ya fi muhimmanci a wajenmu kuwa shi ne abin da ya faru bayan an daina. Da aka ci gaba da bibiyar wasu daga cikin mutanen gwajin farko, shekara ɗaya bayan tsayar da maganin, sai aka tarar kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo, kuma gyaran da aka samu a suga da hawan jini shi ma ya fara komawa gidan jiya. Ba abin mamaki ba ne, domin da zarar maganin ya bar jiki, yunwar da ya danne takan dawo da ƙarfinta. Saboda haka wanda zai fara, ya sani cewa tafiya ce ta shekaru, wataƙila ma ta tsawon rai, kamar yadda mai hawan jini ba ya ajiye ƙwayarsa don ya ga awo ya yi kyau. Wanda ya sayar da ɗan bijiminsa ya sayi allurar wata uku, ya rasa na huɗu, to bijimin ya tafi, nauyin kuma yana hanya.

Dalilinmu na nacewa a kan likita yana da tushe a tarihi. A 1997 an janye wani haɗin ƙwayoyin rage ƙiba da ya yi tashe a Amurka bayan an gano yana lalata ƙofofin zuciya. A 2008 ƙasashen Turai suka dakatar da Acomplia saboda tana jefa mutane cikin matsananciyar damuwa har da tunanin kashe kai. A 2009 Faransa ta hana Mediator, maganin da aka yi ta bayarwa domin rage cin abinci, wanda aka danganta da mutuwar ɗaruruwan mutane. A 2010 aka janye sibutiramin saboda bugun zuciya da shanyewar jiki, amma har bayan haka hukumomi sun sha gano shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin rage tumbi da ake tallatawa da sunan na ganye ne zalla. Kowane ɗayansu ya shigo ne da kirari. Sababbin alluran sun fi su shan gwaji nesa ba kusa ba, amma su ma suna da nasu sharuɗɗan.

Likitan da ya san aikinsa ba zai fara da rubuta allura ba. Zai auna nauyi da ƙugu da jini, ya duba suga da ƙoda da hanta, ya tambayi magungunan da mutum ke sha, domin wata ƙibar ma magani ne ya kawo ta, kamar sha-ka-fashen da muka ambata. Zai tambaya ko a dangi an taɓa samun wani nau'in ciwon daji na maƙogwaro, a gurbin da maƙoƙo ke fitowa, domin wanda ke da wannan tarihi ba a ba shi. Zai tambaya ko an taɓa kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke fitar da insulin, ko tsakuwar matsarmama. Mai ciki da mai shayarwa ba a ba su, kuma macen da ke neman haihuwa ana so ta daina semagulutayid wata 2 kafin ta ɗauki ciki. Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, domin mace takan rage nauyi sai cikin da ta daɗe tana nema ya zo ba shiri, Mounjaro kuma tana iya rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa a makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara awo.

Idan an fara, da kaɗan ake farawa. Wegovy ana soma ta ne da miligiram 0.25 a mako, a riƙa ƙarawa bayan kowane mako 4, sai an yi wajen mako 16 kafin a kai 2.4. Hikimar ita ce a bai wa ciki dama ya saba, domin tashin zuciya ya sami fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka gwada, ga amai da gudawa ko taurin bayan gida. Yawanci abin kan lafa, amma a ƙasa mai zafi irin tamu amai da gudawa na kwana biyu sun isa su ƙarar da ruwan jiki su taɓa ƙoda. Ciwon ciki mai tsanani da ke sokawa har baya kuwa, ba na jira ba ne, a nufi asibiti. Wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa likitoci yana kan allurar, saboda abinci na iya daɗewa a tumbinsa ya taso masa lokacin da aka sa shi barci. Mai niyyar azumi shi ma ya zauna da likitansa tun watan bai kama ba.

Bari mu ba ku misali da abin da muka gani da idonmu, ba tare da kama suna ba. Wata baiwar Allah ce mai kimanin shekara 50, tana da ciwon suga, ta daɗe tana shan Daonil. Ɗanta da ke aiki a waje, don ƙauna da tausayi, ya aiko mata da allurar ta hannun wani matafiyi. Ba wanda ya gaya mata a fara da kaɗan, ba kuma wanda ya san cewa in an haɗa allurar da irin wannan ƙwaya ko da insulin, sai an rage su, in ba haka ba suga ya faɗi warwas. Ta yi kwana uku ba ta iya cin abin kirki, tana kuma shan ƙwayarta kamar kullum. Jikarta ce ta tarar da ita a ɗaki tana gumi ba ta gane mutane, aka ɗauko ta a adaidaita-sahu, 'yan gida suna cewa iska ce ta taɓa ta. Ruwan suga aka ɗaura mata ta farfaɗo. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne, ita ɗin tana cikin waɗanda maganin ya dace da su sosai, da a ce ta hannun likita ya biyo. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Akwai kuma batun tsoka. Nauyin da ke zubewa ba kitse ne kaɗai ba, wani kaso nama ne, kuma dattijon da ya rasa tsoka shi ne wanda tashi daga tabarma zai gagara. Tunda cikin ya zama ƙarami, sai a zaɓi abin da za a sa masa: wake da alale da awara, ƙwai, kifi, nono marar sukari, zogale da rama, a rage tuwo da shinkafa da soye-soye, a bar lemon kwalba da shayin nan da cokali ke tsayawa a cikinsa. A kuma taka da ƙafa. Da yawanmu yanzu ko gidan maƙwabci za mu sai mun hau babur.

Matsala ta gaba ita ce ta jabu. A watan Oktoba na 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da Ozempic ta jabu, wadda aka yi zargin insulin aka ɗura a ciki. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Barazil da Birtaniya da Amurka. Jama'a, idan jabu ta iya kutsawa ƙasashen da ke da tsauraran matakai irin waɗannan, me muke tsammani game da wadda ake tallatawa a WhatsApp a kawo wa mutum har gida cikin leda? A saya a kantin magani mai rajista, wanda ke da ƙwararren mai haɗa magunguna, da takardar likita, a kuma duba lambar NAFDAC. Ko ta gaskiyar ma tana da wani sharaɗi da ke ba mu wahala: kafin a buɗe ta, ana ajiye ta ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, bayan an fara amfani da ita kuma kada zafi ya wuce digiri 30. Kowa a zauren nan ya san abin da watan Afrilu ke yi mana, ya kuma san halin wutar lantarkinmu. Wasu don gudun ɗaukewar wuta sukan tura ta can cikin gidan ƙanƙara, alhali wadda ta daskare ta lalace, sai zubarwa. Wadda ta kwana biyu cikin akwati a bayan mota daga Legas, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinta.

Game da kuɗi, lokacin da Wegovy ta fito a Amurka farashinta a hukumance ya haura dala 1,300 a wata. A nan gida kuɗin wata ɗaya ya wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Akwai alamun sauƙi a gaba. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan magunguna cikin jerin muhimman magunguna domin masu ciwon suga da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda, kuma a 2026 ne wa'adin haƙƙin mallakar semagulutayid ke ƙarewa a Indiya da Sin da Barazil da Kanada, abin da ke bai wa wasu kamfanoni damar yin nasu. Tunda kaso mai yawa na magungunanmu daga Indiya yake zuwa, muna sa ran farashi zai faɗi. Amma ranar da ta yi araha, ranar ce kuma za ta cika kasuwa, mai kyau da marar kyau, a hannun wanda ya sani da wanda bai sani ba. Shi ya sa muka ga gara mu yi wannan magana yau.

Muna da roƙo ga 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Mun san niyyarku alheri ce. Amma kafin ku aiko wa Hajiya ko Baba da allura, ku fara aiko da kuɗin awon jini da ganin likita, ku kuma tambayi kanku ko za ku iya ɗaukar nauyin abin wata bayan wata har shekaru. Idan likita ya ce ta dace, sai a tsara yadda za ta iso cikin sanyi da wanda zai riƙa duba su. Idan kuma ya ce metfomin da gyaran abinci sun wadatar, to a karɓa, kada a ga kamar ya rena kuɗinku ne.

Ga uwar ƙungiya kuma, buƙatarmu ba ta da tsada. Muna neman a saya wa asibitin garin nan sikelin manya mai kyau guda biyu, da ma'aunin tsayi, da na'urar awon jini mai babban hannu, domin ƙaramin hannu yana ba da awon ƙarya ga mai kauri, da na'urar awon suga tare da tsinkayenta na shekara guda. Mu kuma 'yan kwamiti mun ɗauki alkawarin zama Asabar ɗin farko ta kowane wata, kyauta, domin auna duk wanda ya zo da kuma tura wanda ya kamata zuwa babban asibiti. Wanda kuma yake da allurar a gida yanzu haka, ko ya fara ko bai fara ba, ya same mu a bayan zauren nan da zarar an tashi, ya zo da kwalinta da duk magungunan da yake sha. Ba za mu yi wa kowa faɗa ba.